Tasar da Ba a Kawo wa Yayana Ba

A wajenmu, idan aka yi wa mutum tiyata, ba a cewa aiki ya yi sai babban gida, wato namijin da ke riƙe da gidan, ya ga abin da aka ciro. Ana kawo masa shi a tasa, ya duba da idonsa, ya gyaɗa kai, sannan a ƙunshe a leda a kai gida a binne bayan rumbu. Ba a barin naman mutum a hannun baƙo. Kuma tasar ita ce shaida cewa likita ya shiga ciki ya iske ciwon, ba fata kawai ya tsaga ya ɗinke ba. Ban san wanda ya fara wannan al'ada ba, tunda kakanninmu ba su san tiyata ba. Na dai iske ta da ƙarfinta, kuma saura kaɗan ta sa a buɗe cikina sau biyu.

Ƙaba ce ciwona. Ta fara tun ina golmo, noman da saurayi ke yi wa iyayen yarinya shekara da shekaru kafin a ba shi ita. A gonar surukina na ɗaga wani dutse don 'yan uwan yarinyar su ga ƙarfina, sai na ji abu ya ce ƙis a matsematsina na dama. Kumburin bai fi ƙwan zabo ba a lokacin. Idan na kwanta na danna shi, sai ya koma ciki da 'yar ƙara kamar ta kwaɗo. Haka muka zauna da shi. Na yi aure, na haifi 'ya'ya, furfura ta fara fito mini, shi kuma yana girma a hankali har ya kai mangwaro. Na yanki tsohuwar robar tayar babur na yi ɗamara da ita, in cusa tsumma a ƙarƙashi in ɗaure kafin in fita gona.

Matata ce ta matsa mini har na je wani asibitin gwamnati. Likitan da na iske saurayi ne, da gani bai daɗe da gama makaranta ba. Ya sa na yi tari yana danna wurin, sannan ya wanke hannu da ruwan buta.

"Baba, wannan aiki take so. Babu maganin kwalba da zai mai da ita."

"To a yi mana, Likita."

Ya juya biro a hannu. Can ya ce hannunsa ya iya aikin, ɗakin ne ba zai iya ba. Mai ba da allurar barci ya bar su ya tafi birni, ba a turo wani ba. Tukunyar da ke dafa wuƙaƙe da almakashi da lantarki take aiki, lantarki ba ya zuwa, janareta kuma ba mai. Tulun iskar da ake sa wa mutum idan numfashinsa ya yi ƙasa babu komai a ciki.

"Abin da ake turo mana, kafin mu sayi sabulu da auduga ya ƙare. Ka yi ƙoƙari ka je Birnin Kebbi ko Sakkwato."

Na yi godiya na fito, amma ban yarda da shi ba. Na sha jin labarin likitocin da ke cewa babu kaza babu kaza, sai ka fito wani ya biyo ka ya raɗa maka sunan asibitin kuɗi, ka je ka iske likitan nan ne dai zaune a ciki. Na zauna a barandar ina jiran mai raɗar. Har rana ta karkata ba wanda ya zo. Na tashi na zaga inda aka ce ɗakin tiyata yake. Kwaɗo ne a ƙofar, zanzaro ya gina gidansa daidai inda ƙofa ke haɗuwa da bango. Duk da haka sai na ce a raina ƙila akwai wata ƙofa ta baya.

Birnin Kebbi kuwa ba nan kusa ba ne. Kuɗin mota na mutum biyu, da abinci, da kuɗin aikin, da gonar da za a bari, ga hanya ba lafiya. Ko na sayar da akuyoyin gidan duka ba za su kai ni su dawo da ni ba.

Tun rasuwar babanmu, yayana ne babban gida. Tsohon soja ne, kowa Saje yake ce masa, har mu ƙannensa a bayan idonsa. Da na faɗa masa abin da likita ya ce, sai ya yi tsaki.

"Kai ma da neman wahala. Ga mutum nan mai tiyata a hanyar Ribah, ka je da safe, da la'asar an gama. Ba ya ma cewa sai kuɗi hannu. Ka ba shi dawa bayan kaka."

Na san mutumin, don ni na raka Saje lokacin da aka yi wa matarsa tiyatar afendis a can. Gidan haya ne mai ɗaki uku, da allo a ƙofa wanda ban iya karantawa ba, don lokacin ban fara zuwa ajin yaƙi da jahilci ba. A tsakar gida na ga wuƙaƙensa na tafasa a tukunya kan gawayi, kusa da inda kaji ke kiwo. Mutum ne mai fara'a, ya iya gaisuwa da yarenmu C'lela da Fulatanci, kuma bai taɓa ce wa kowa babu ba. Da ya gama ya fito da tasar silba da hannu biyu, ya durƙusa gaban Saje ya nuna masa wani ɗan nama kamar tsutsa. Saje ya duba, ya gyaɗa kai, ya ce wannan shi ne likita.

Abin da ya tsaya mini a rai shi ne, duk wanda ya je wurinsa da ciwon ciki, afendis ne. A gida ɗaya na unguwarmu an yi wa uwa da 'ya da matar ɗa. Ciwon matar Saje ya yi ta zubar da ruwa har damina ta fita, ta dai rayu. Wata mata ta cocinmu an kai ta da ƙafarta, aka dawo da ita a tabarma, aka ce kwana ne ya ƙare. Ban faɗa wa Saje wannan tunani ba. Na ce masa bari in ga bayan kaka. Bayan kaka na ce bari in ga bayan sanyi. Jira dai na iya shi.

Ana nan sai wata Lahadi fasto ya yi sanarwa cewa wasu likitoci za su zo asibitin nan na gwamnati su yi mako guda suna tiyata kyauta, wasu masu taimako ne suka ɗauki nauyi. Maƙwabcina ya ce limaminsu ma ya faɗa ranar Juma'a. Kafin kasuwa ta ci, labari ya canja kama. A rumfar mahauta, a tashar 'yan kabu-kabu, a gidan burkutu, magana ɗaya ce: ƙoda suka zo ɗiba. Aka ce ana sayar da ita a ƙasar waje, ta manomi kuma ta fi tsada don ba ya shan kayan zaƙi.

Saje ya same ni ina gyaran ƙotar garma.

"Na ji kana tambayar ranar zuwansu."

"Tambaya ce kawai, Yaya."

"Banza ba ta kai zomo kasuwa. Mutumin da bai san sunan ubanka ba ya bar garinsu, ya sayi mai, ya zo ya yi maka aiki don yana son fuskarka? Na yi yawo, na ga duniya. Kada ka je."

Gaskiya ni ma haka nake gani. Da ƙabar ta bar ni, da ban je ba. Amma a makon nan, ina cikin huɗa da hantsi, ta fito ta ƙi komawa. Ta yi tauri kamar dutse, na yi amai a bakin kunya, gumi mai sanyi ya rufe ni. Matata ta jawo ni inuwar ɗorawa, ta ɗora ƙafafuna a kan kututture, tana dannawa a hankali tana kiran sunan Allah. Sai bayan azahar ta koma. Na tuna likitan ya ce ranar da ta maƙale ta ƙi komawa, hanji ne zai ruɓe, kuma ba zan kai Birnin Kebbi ba.

Matata ta ce, "Baban yara, in ƙoda ce su ɗauki ɗaya su bar mini kai."

Ranar da muka je na kusa kasa gane asibitin. Janareta na ruri, an kankare gidan zanzaro, ga tulunan iska jere a baranda, ga fitila na ci da rana tsaka. Maimakon in yi murna sai na ce a raina, ashe akwai mai. Ina yake ranar da na zo? Likita saurayin nan ya gan ni ya gane ni, na tambaye shi kai tsaye. Ya ce duk abin da na gani da shi baƙin suka zo a mota, har man, kuma abin da ya rage da shi za su koma wani gari.

Layin maza ya kai bakin ƙofar asibiti, kowa ya zauna ya ware ƙafafu. Wani Bafulatani daga wajen Sakaba ya dube mu ya ce, "Kai, ashe duk garin nan kowa da ɗan tulunsa yake yawo." Aka yi dariya, amma ba wanda ya yi ta har ciki. Idan aka turo wani a keke daga ɗakin, sai duk mu miƙa wuya muna duban inda aka liƙa masa auduga, a gaba ne ko a baya. Saje ya biyo mu duk da faɗansa, don ba a yanka ɗan gida babba ba ya nan. Ya zauna nesa da mu, na ga bakin baƙar leda na leƙowa daga aljihun tsohuwar rigarsa ta soja.

Ba su sa ni barci ba. Allura aka yi mini a gadon baya, daga cibiya zuwa ƙasa ya mutu, aka tare fuskata da zane. Na ji daɗin haka, don na ƙudura ba abin da zai fita daga cikina ban ji ba. Wadda ta yi aikin mace ce, 'yar kudu, Hausarta kaɗan. Wata kuma ta zauna a kaina tana duban wani akwati mai ƙara ɗiɗ-ɗiɗ, ta maƙala mini abu a yatsa, tana tambayata irin dawar da nake shukawa. Ina amsa mata da baki, kunnena yana bayan zanen. Jira nake in ji an jefa abu a tasa. Na ji ja, na ji turi, na ji ƙarar almakashi. Tasa ba ta yi ƙara ba har aka ce an gama.

Da aka kwantar da ni a ɗakin maza, Saje ya tare likitar a bakin gadona, likita saurayin yana yi musu tafinta.

"Sannu da aiki. Ina tasa?"

"Wace tasa, Baba?"

"Abin da kuka ciro. Ni ne babban gida."

Suka yi magana da Turanci, sannan saurayin ya ce ai ba a ciro komai ba. Ƙaba ba nama ba ce da ya tsiro. Ɓula ce a bangon ciki, kamar buhu ya yage hatsi na leƙowa. An mai da hanji wurinsa, an sa 'yar raga an toshe ɓular, an ɗinke.

Fuskar Saje ta canja. "Ba ku ciro ba, sakawa ma kuka yi? Me kuka saka masa?"

"Raga ce ta asibiti, Baba. Nama zai bi ta ya rufe ta."

"Wannan ƙullin da nake gani a jikinsa tun yana saurayi, ina ya tafi? Iska ta ɗauke shi?"

Likitar ta yi murmushi, ta dafa kafaɗarsa, ta wuce, don ana jiranta da wani a kan tebur. Murmushin nan shi ya ƙara ɓata al'amari. Saje ya ce wanda ya ci amana ne ke dariya idan an tambaye shi.

Mako ya cika, suka loda kayansu suka tafi, an bar mutane a layi ba a kai kansu ba. Ranar da na koma cire zare, janareta shiru, kwaɗo ya koma ƙofarsa. Wata nas ta cire mini zaren a baranda da reza da na saya a bakin titi. Na tambayi likitan ko akwai hoton da zai nuna ƙodata tana nan. Ya ce na'urar ta lalace tun kafin ya zo, sai dai Kontagora. Ya rantse mini ba a taɓa ƙodata ba. Na tambaye shi su waye suka biya kuɗin aikin, kuma yaushe za su dawo. Ya ce shi ma wasiƙa kawai ya gani, dawowa kuwa sai an sake samun mai biya.

A gida ba ni da kwanciyar rai. Wurin ya yi tauri kamar an sa faifai a ƙarƙashin fata. Duk fitsarin da na yi sai na tsaya na duba launinsa. Idan bayana ya ɗan riƙe sai in ce shi ke nan, gurbin ne. Na sha feɗe akuya, na san ƙoda can baya take manne, ni kuma a gaba aka yanke ni, can ƙasa. Da na faɗa wa Saje haka sai ya ce, "Hannun likita ya fi na mahauci tsawo."

Ya tara maza na gidanmu a gindin tsamiya da hantsi, aka fito da ni a kujera. Ya ce ya je hanyar Ribah ya yi bayani, mutumin ya ce a kawo ni. Zai buɗe, ya ƙirga abin da ke ciki, ya cire abin da baƙi suka saka, ya nuna wa kowa. Baffanninmu suka ce hakan ya yi, a san gaskiya a huta. Matata tana bakin madafa tana tankaɗe, mace ba ta sa baki a wannan zama, amma rariyar ta tsaya a hannunta. Ni ban ce e ba, ban ce a'a ba. Wani ɓangare na zuciyata yana so a buɗe ɗin, in gani in san matsayina.

Da safe Saje ya zo da ɗan kabu-kabu har ƙofar ɗakina, baffanni biyu na biye. Na fito ina dafe da bango, na zauna a kan turmi. Tun jiya nake juya abu ɗaya a kaina.

"Tashi mu tafi kafin rana ta yi zafi."

"Yaya, ina da tambaya. Ka taɓa ganin mutumin nan ya fito da tasa ba komai?"

"Ko sau ɗaya. Shi ya sa nake kai ka."

"To idan ya buɗe ni ya iske ƙodata biyu lafiya, hanjina lafiya, kai kuma kana zaune a tsakar gida da leda a hannu, da me zai fito?"

Ɗan kabu-kabun ya kashe babur.

"Ba zai fito maka hannu wofi ba, Yaya, don ya san abin da ake faɗa a kan baƙin likitocin nan da suka fito hannu wofi. Dole ya yanko wani abu. Kuma duk abin da ya yanko, mai lafiya ne, nawa ne."

"Wato ka fi yarda da baƙin da ba ka san garinsu ba?"

"Ban yarda da su ba. Shi ma ban yarda da shi ba. Amma su na ji da kunnena ba su jefa komai a tasa ba. Shi kuwa na san zai jefa."

"Gaban mutane kake mayar mini da magana?"

"Ka yi haƙuri, Yaya. Ba zan hau babur ɗin nan ba."

Ban taɓa ce masa a'a ba tunda aka haife ni. Ya dube ni, ya dubi baffanni. Ya ce to, ranar da abin baƙi ya tashi a cikina kada a aiko masa. Ya biya ɗan kabu-kabu kuɗin zuwansa, ya fita da ƙafa. Baffanni suka bi shi ba sallama. Matata ta kawo mini kunu.

Mun yi watanni gaisuwa kawai ke haɗa mu, ita ma a coci. Taurin ya saki a hankali, kumburi bai dawo ba, na rataye robar taya a jikin rumbu. Ban je Kontagora ba, don haka har yau ban ga ƙodata da idona ba. Wani lokaci idan bayana ya riƙe tunanin yakan dawo, in kore shi, ya sake dawowa.

Da damina ta zagayo na kira gayya a gonata ta gindin dutse, na aika wa Saje kamar yadda aka saba, ban sa rai ba. Sai da rana ta ɗaga ya iso da garmarsa a kafaɗa. Bai gaishe ni ba. Ya kama kunyar da ke kusa da tawa, muna tafiya kafaɗa da kafaɗa, duk ɗagawar da na yi idonsa na kan ƙuguna. Da aka zauna shan kunu ya kira matata, ya yi magana da ƙarfi yadda zan ji.

"Ki faɗa wa mijinki kada ya ɗauki buhu shi kaɗai da kaka. Abin da suka saka masa ba namu ba ne, ba mu san ƙarfinsa ba. In an tashi ɗaukar dawa a aiko mini."